JAWABI A KAN RIƘON TSOFAFFINMU DA GIGIN TSUFA YA KWANTAR

Ya ku iyayenmu dattawa, da malamanmu, da iyayenmu mata, da ƴan'uwanmu ƴan bida waɗanda suka samu zuwa gida, da kuma waɗanda wannan takarda za ta iske a Kano, ko Yamai, ko Agadas, ko Tamanrasat, muna gaishe ku gaisuwa irin ta zumunci. Allah ya saka wa kowa da alheri bisa ga lokacinsa da ya ba mu.

Maganar da muka kawo muku yau magana ce wadda aka saba yin ta ƙasa-ƙasa a ƙuryar ɗaki, don kunya. Watau zancen tsofaffinmu waɗanda gigin tsufa ya kama har ya kai su ga kwanciya: ba su gane ƴaƴan da suka haifa, ba su iya kai loma baki, kuma ba su san fitar fitsari ko bayan gida ba. Daga Matamaye zuwa Kance, daga Dungu zuwa Ɗan Barto, da wuya a sami zuri'ar da ba ta taɓa ganin irin wannan jinya ba. Mun ga ya kamata mu fito da ita fili, domin tsoho ba shi da bakin da zai kai ƙara, mai jinyarsa kuwa kunya ta hana ta kuka.

MENE NE WANNAN CIWO?

Da farko lalle ne mu gane cewa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kamar yadda tarin fuka yake ciwon huhu. Tsufa kaɗai ba ya kawo shi, don kuwa kowa ya san dattijon da ya haura shekara 90 yana lissafa kakanninsa ɗaya bayan ɗaya, yana kuma tuna iyakar kowace gona.

A shekarar 1906 wani likita a ƙasar Jamus, mai suna Alois Alzheimer, ya ba da labarin wata mata da ya yi wa jinya tun 1901, lokacin tana da shekara 51. Ta riƙa mantuwa, tana zargin mijinta, tana ɓata a cikin gidanta. Da ta rasu ya duba ƙwaƙwalwarta, ya tarar ta motse, da wasu dunƙule-dunƙule da zare-zare waɗanda suka kashe ƙwayoyinta. Sunan wannan likita aka sa wa ciwon, kuma shi ne ya fi yawa, domin cikin kowane mutum 100 masu gigin tsufa, 60 zuwa 70 shi ke damunsu. Akwai kuma wani iri wanda ke biyo bayan hawan jini da shanyewar ɓarin jiki, sa'ad da jijiyoyin da ke kai jini ga ƙwaƙwalwa suka toshe ko suka fashe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne ke da wannan larura, kuma fiye da 60 cikin 100 suna zaune ne a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi. Ashe ke nan ba ciwon Turawa ba ne, ba kuma wani abu ne da aka jefi gidan wane da shi ba. Malamanmu ma sun tuna mana cewa Alƙur'ani mai girma, a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, ya ambaci irin shekarun da mutum kan kai har sanin da ya tara ya kuɓuce masa.

Saboda haka muna roƙon jama'a da babbar murya: in tsohuwa ta fita da dare tana sambatu, tana kiran sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ko ta ce ta ci wane, kada wanda ya kira ta mayya. Ciwon ne ke magana da bakinta. Wadda ta goya mu, ta yi mana daka shekara da shekaru, ba ta cancanci yara su bi ta da jifa ba. Haka kuma in tsoho ya ce an sace masa kuɗi, kada a hau surukarsa da zargi, a fara duba ƙarƙashin matashinsa tukuna.

GASKIYAR ZANCEN MAGANI

Har yau ba a sami maganin da ke warkar da wannan ciwo ba, ko a Faransa ko a Amurka. Akwai ƙwayoyin da kan ɗan sassauta alamunsa, amma ba su mai da abin da ya riga ya lalace. To, duk wanda ya zo ya ce a sayar da saniya ko a jinginar da lambu zai tashi tsoho ya koma kamar da, ku sani dukiyarku yake so. Addu'a kuwa ba mu hana kowa ba, ita ce takobinmu.

Amma akwai abin da ke da magani, kuma nan ne ake yawan sakaci. Gigin tsufa a hankali yake tafiya, wata da watanni. In kuka ga tsoho ya canja cikin kwana ɗaya ko biyu, ya ƙara ruɗewa, ko barci ya yi masa yawa, ko ya shiga fisge-fisge, to wani ciwo ne dabam ya shigo a kan na da. Sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne, ko ciwon mafitsara, ko ciwon huhu, ko ƙishirwa, ko kuwa bayan gida ne ya ɗaure masa kwanaki. Duk waɗannan majo yana iya duba su a gidan likita mafi kusa, in ya fi ƙarfinsa ya tura ku babban asibitin Matamaye. Kada a ce ai tsufa ne a zauna.

Muna kuma gargaɗi a kan ƙwayoyin sa barci na masu talla a kasuwa. Mai jinya da ta gaji takan so tsoho ya yi barci ita ma ta runtsa, wannan kowa ya gane. Sai dai irin waɗannan ƙwayoyi suna sa tsoho ya faɗi ya karye, ko ya ƙware da abinci. Kada a ba shi kome sai da sanin likita.

CIYARWA

In ciwo ya yi nisa, maƙogwaro yakan manta aikinsa. Abinci ko ruwa sai ya kauce ya bi hanyar iska ya faɗa huhu, daga nan sai tari da zazzaɓi. Wannan ciwon huhu yana cikin manyan abubuwan da ke zama ajalin masu wannan larura. Don haka ga abin da ya kamata.

A zaunar da shi sosai, a tokare bayansa da matashi ko mutum ya zauna a bayansa, haɓarsa ta ɗan sunkuya ƙasa. Kada a ciyar da shi a kwance, kada kuma a ba shi abinci yana gyangyaɗi. A yi amfani da ƙaramin cokali maimakon ludayi, a jira ya haɗiye kafin a ƙara. Abu mai ɗan kauri ya fi ruwa tsararo saukin haɗiya, watau kamar kunu mai kauri, da fura da aka dama da nono aka tace ta babu gudaji, da tuwo mai laushi da aka cuɗa da miyar kuka ko ta kuɓewa, da dankali ko kabewa da aka dafa aka murƙushe. Kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini ya fi cika masa ciki sau biyu. In ya gama, a bar shi zaune kamar rabin awa, sa'an nan a duba kumatunsa ko ya ɓoye abinci a ciki, a goge masa baki da ƙyalle mai tsabta.

Ɗura kuwa haɗari ce babba. Kada a danne tsoho a toshe masa hanci a zuba masa kunu. In ya kau da kai, a dakata, a sake gwadawa an jima. Ko rubutu ne aka karɓo daga malam, da cokali za a ba shi, yana zaune.

Lokacin bazara, watan Afrilu da Mayu, zafi a ƙasarmu yakan wuce awo 40, tsoho kuwa ba zai ce yana jin ƙishirwa ba. Sai a riƙa ba shi ruwa ƴan kurɓi-kurɓi a kai a kai. In fitsarinsa ya yi kaɗan ya yi ja, ruwa ya yi ƙaranci a jikinsa ke nan.

KWANCIYA DA TSABTA

Wanda ya daɗe kwance a gefe ɗaya, jini ba ya isa inda ƙashi ya danne fata, sai wurin ya mutu ya zama gyambo. Wuraren da ya fi fitowa su ne ƙugu, da gindin baya, da diddige, da kafaɗa, da gwiwar hannu. Gyambon kwanciya hana shi ya fi warkar da shi sauƙi nesa ba kusa ba. Maganinsa juyi: kamar kowace awa biyu a juya shi, dama, baya, hagu. Wanda ba shi da agogo sai ya riƙe lokutan salla, ya ƙara juyi ɗaya ko biyu a tsakaninsu, da dare ma a tashi. A sa matashi tsakanin gwiwoyinsa, a ɗaga diddigensa kada ya taɓa shimfiɗa. In za a gyara masa kwanciya, mutum biyu su ɗaga shi da zane, kada a ja shi.

A fatarmu ba a cika ganin ja ba. Abin da za a lura da shi shi ne wurin da ya fi sauran jiki duhu, ko yake sheƙi, ko ya yi ɗumi ko tauri. In an ga haka kada a murza wurin, kada kuma a kwantar da shi a kansa. In fata ta buɗe, a wanke da ruwan da aka tafasa ya huce da ɗan gishiri, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a nuna wa majo. Kada a barbaɗa toka ko ƙasa ko garin ƙwaya.

Tabarma a kan daɓe ta yi wa irin wannan jiki tauri, katifa ake bukata. In an shimfiɗa leda saboda fitsari, a ɗora zane a kanta, a canja shi da zarar ya jiƙe. Lokacin hunturu a shafa masa man kaɗe ko man gyaɗa don kada fata ta tsage. Kaskon garwashi kuwa kada a bar shi kusa da shimfiɗarsa, kada kuma a rufe ɗaki ruf da shi a ciki, domin hayaƙin gawayi yana kisa ba a sani ba. Da damina a ɗaura masa gidan sauro. Kullum a riƙa miƙe masa hannuwa da ƙafafu a hankali ana lanƙwasawa, don kada gaɓoɓi su ƙage.

Tun da ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo, fuskarsa za a karanta. In yana yamutsa fuska, ko yana nishi, ko yana ture hannu in an taɓa wani wuri, to akwai abin da ke cinsa.

Wanda kuwa har yanzu yana iya tashi ya fita, a rufe bakin rijiya, a sa masa ido kan hanyar lambunan rake da bakin kwalta, a gaya wa maƙwabta su mai da shi gida in sun gan shi. Amma ɗaure tsoho da igiya, ko kulle shi a ɗaki shi kaɗai a tafi gona, wannan ba mu yarda da shi ba.

MUTUNCINSA

Ko da bai gane ka ba, yana jin taushin murya, yana kuma jin tsawa. A yi masa sallama, a kira shi Baba ko Malam kamar yadda aka saba, a gaya masa abin da za a yi kafin a taɓa shi. In Inna ta tambayi mahaifiyarta da ta rasu shekara 40 da suka wuce, kada a ce mata ta mutu, don za ta ji mutuwar sabuwa ta yi kuka, gobe kuma ta sake tambaya. Sai a ce, "Inna, ba mu labarinta." Da yawansu sukan natsu in sun ji karatun da suka haddace tun suna yara, ko an sa musu tasbaha a hannu. In magariba ta gabato ruɗewa takan ƙaru, sai a kunna fitila da wuri, a rage hayaniyar yara.

Malamai sun tabbatar mana cewa wanda hankalinsa ya gushe babu salla ko azumi a kansa, saboda haka kada a hana shi ruwa da Ramadan. Sun kuma ce cinikinsa da kyautarsa ba su ƙulluwa. To, wanda ya kama yatsan mahaifinsa ya dangwala a takardar sayar da gona, alhali tsohon bai san safe bai san yamma ba, ya ci amana, kuma shaidun da suka tsaya sun taya shi. Gado ba a raba shi sai bayan rai. In dole ta sa a taɓa dukiyarsa don jinyarsa, a yi a gaban dukan ƴaƴansa da mai gari da liman, a rubuta.

WA KE ƊAUKE DA KAYAN?

Yanzu mun zo inda maganar ta fi shafar mu ƴan bida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 70 cikin 100 na lokacin da ake ɓatawa wajen jinyar masu wannan ciwo mata ne ke ba da shi. A nan gida ba ma sai an ƙidaya mana ba. Yawanci mace ɗaya ce, ɗiya ko suruka ko kishiyar da ita ma ta manyanta. Ita ce daka, ita ce ɗiban ruwa, ita ce wankin zannuwa, ga goyo a baya, ga rashin barci. In tsoho ya sami gyambo kuma ita za a zaga. Wani lokaci ma yarinya ake cirewa daga lakwal a ce ta zauna da kaka.

Mun san abin da ke fitar da mu. Jama'a ta yi yawa, gonaki sun tsuke, abin da aka noma ba ya kai wa wata damina. Har mata ma sun shiga hanya, kuma ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, sa'ad da aka tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, yawancinsu mata da yara, mafi yawa kuma ƴan ƙasarmu ta Kance. Allah ya jiƙansu. Ba mu ce kowa ya bar neman abincinsa ba. Abin da muke cewa shi ne, in mutum biyar suka haifu a ɗaki ɗaya, huɗu suka tafi, to nauyin uwarsu yana nan a kan su biyar ɗin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai kuma zancen kunya. A al'adarmu suruka ba ta ko haɗa ido da uban mijinta, ina ga ta yi masa wanka da tsarki? Wannan aikin ƴaƴansa maza ne da ƙannensa da jikokinsa maza. Namijin da ya wanke mahaifinsa bai rage kome daga girmansa ba. Suratul Isra'i aya ta 23 da ta 24, inda aka yi umarni da kyautata wa iyaye in tsufa ya riske su, ba ta ware maza ta bar wa mata ba.

Kai kuma da ke nesa, aiken jika goma ranar salla bai isa ba. Aike kaɗan wanda ba ya yankewa kowane wata ya fi mai yawa na sau ɗaya, domin sabulu da nono da zannuwa kullum ake bukatarsu. In ka buga waya, ka fara tambayar mai jinya lafiyarta kafin ka tambayi inda kuɗi suka shiga. In ka zo gida ka ga tsohuwa ta rame, kada ka ɗaga murya a tsakar gida, ramar tana cikin ciwon. Ka karɓi jinyar kwana bakwai tukuna, sa'an nan ka yi magana. Kuma kada ka ce tun da ba ta gane ka ba zuwanka ba shi da amfani. Kai ai ka gane ta.

IN ƘARSHE YA GABATO

Akwai lokacin da tsoho zai daina karɓar abinci sam, barci ya yi yawa, numfashi ya canja. A sa majo ya duba shi, ko akwai abin da ke da magani. In babu, to jiki ne ya gaji, ba yunwa mai jinya ta bar shi da ita ba. Binciken likitoci ya nuna cewa sa wa irin wannan majinyaci robar abinci ta hanci ba ta cika ƙara masa kwana ko sauƙi ba. Abin da ya rage shi ne a jiƙa masa leɓe, a ci gaba da juya shi, a nemi maganin rage zafin ciwo, a zauna kusa da shi ana addu'a.

Daga nan zuwa babban asibitin Damagaram ya fi kilomita 80. Wani lokaci tafiyar tana da amfani, kamar in karaya ce. Wani lokaci kuwa wahala ce kawai za a ƙara masa, ya cika a mota ko a cikin baƙin fuskoki. Ya kamata ƴaƴa su yi wannan shawara tun da wuri tare da likita, na gida da na nesa, don kada ranar ta zo a shiga jayayya a kan tsoho yana kwance.

ABIN DA MUKE ROƘON TARO YA AMINCE DA SHI

Na ɗaya, a ware wani kashi daga asusun ƙungiya don sayen katifa, da leda, da sabulu, da gidan sauro ga gidajen da ke da irin wannan jinya. Katifa ta zama ta aro, in an gama a wanke a ajiye wa wani.

Na biyu, kowace unguwa ta fitar da mata biyu da maza biyu masu karɓar mai jinya, ko da yini ɗaya a mako, ta samu ta je kasuwa, ko ta gaida danginta, ko ta yi barci.

Na uku, wakilanmu na Kano da Yamai da Agadas su riƙa tuntuɓar ƴaƴan waɗannan gidaje a asirce, a tsai da abin da kowa zai riƙa aikowa gwargwadon ƙarfinsa.

Na huɗu, mu roƙi ma'aikatan lafiya su zo taronmu na gaba su nuna mana juyi da ciyarwa ido da ido, su kuma auna jinin duk wanda ya haura shekara 40, tun da riƙe hawan jini da ciwon suga yana rage haɗarin wannan larura.

Na biyar, dattawa da limamai su tsawata a kan kiran tsofaffi da maita, da cire ƴan mata daga karatu don jinya.

Jama'a, mu da ke zaune a nan, in Allah ya ja kwananmu, ba mu san wanda wannan ciwo zai sama a cikinmu ba, kuma ƴaƴanmu suna kallon yadda muke yi da iyayenmu. Iyayenmu mata da ke cikin wannan jinya yanzu, sannunku da ƙoƙari, Allah ya ba ku lada. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, ya mai da matafiyanmu gida cikin alheri. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya ba.